Inna Tambaya da Kangayen Tudun Wada

Kafin masu ƙosai su ɗora kasko, Inna Tambaya ta yafa gyalenta ta fita. Mutane na tafiya suna kallon hanya, ita kuwa katangu take kallo. Duk kangon da ke Tudun Wada ta san mai shi, ta san inda ya koma, ta kuma san wanda mai kangon yake jin kunyarsa.

Aikin Ƙungiyar Rufin Asiri ke nan, wadda ta daɗe tana jagoranta a Gusau. Idan rashin tsaro ya koro iyali daga ƙauyukan Tsafe ko Bungudu, sai ta nemi mai kango ya ba su aro, 'yan unguwa su yi gayya, a kwaɓa ƙasa, a yaɓe, a rufe kafin damina. Ba ta da ofis, sai baki da naci. Ni kaina na sha ɓuya idan na hango ta, don na san ranar nan sai na taka laka.

Abin da ba zan manta ba shi ne maganar Suwaiba, wadda ta zo daga wajen Tsafe da marayu, aka gyara mata kangon Alhaji Ɗahiru. Da gida ya yi kyau sai idon Alhaji ya buɗe, ya aiko cewa ta tashi, ya sami ma'aikacin da zai kama haya. Ga hadari ya fara haɗuwa, ga ƙauyen da ba ya komuwa. Suwaiba ta ɗaure kayanta tana kuka.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta same shi a zaure cikin abokansa, ta gaishe shi, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce:

"Alhaji, gida naka na, ba mu ja ba. Amma yaɓen ga da munka yi na mutanen unguwa na. Gobe su taho su kankare abinsu, mu bar maka kangonka yadda munka ishe shi."

Zaure ya fashe da dariya, Alhaji ya sunkuyar da kai. Har yau Suwaiba na cikin gidan.

Ke ce uwar baƙi, Inna. Ke ce kika koya mana cewa kunya ma kayan gini ce. Yanzu gwiwa ta hana ki yawo, kin ce a ba masu jini a jika ragamar ƙungiya. Mun gode, Allah Ya saka da gidan Aljanna.

Sai dai da na je gaishe da Inna bayan ruwan shekaranjiya, na tarar da kwanuka jere a tsakar ɗakinta suna tarar yoyo. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, kuma na ji kunya ƙwarai. Don haka duk mai son koyi da ita, ga wurin farawa: Asabar akwai gayya a gidan Inna. Wannan karon ba zan ɓuya ba.