Littafin da Na Ji Baibai

Ni ban yi boko ba. Allo na riƙa ina ƙarama, na kai inda na kai, aikin gida ya ɗauke ni. In anka miƙo mini takarda ban san samanta da ƙasanta ba. Amma Allah ya ba ni kunne. Abin da na ji sau ɗaya, ya shiga ke nan, ya samu wurin zama.

Maƙwabciyata a Wurno malamar makaranta ce har ta aje aiki. Kowa Malama yake ce mata, ni ma haka nake ce mata, ita kuwa Yaya take ce mini don na girme ta. Inda mata ke jera kwanoni a ɗaka, ita littattafai ta jera. Kowace Asabar bayan la'asar mata kan taru a tsakar gidanta, su shida ko bakwai, malaman makaranta da wata nas da ke zuwa daga Rabah, da matar ɗana wadda ke koyarwa a Goronyo. Kowace ta faɗi littafin da ta gama, a yaba, a kushe, a yi musu har zoɓon da anka dama ya huce a jug. Malama tana da doka guda: wadda za ta yi magana sai ta riƙe littafin a hannu, ta ce, "Na karanta."

Ni bakin ƙofa nake zama da faifaina ina tsintar wake. Ba wanda ya hana ni shiga. Ba ni da abin riƙewa ne.

Sai ido ya fara yi wa Malama gardama. Ta kai littafi kusa, ta kai shi nesa, ta canza tabarau. Anka kai ta asibiti Sakkwato, sunka dawo shiru. Wata Asabar ta ɗauki littafi ta buɗe za ta yi magana, na ji wurin ya yi tsit, ban san dalili ba. Sai da munka koma gida matar ɗana ta ce mini, "Inna, a juye ta riƙe shi." Ba wadda ta faɗa wa Malama, amma ta gane da shirun. Daga ranar ta aika a ce wa mata kada su zo.

Na riƙa leƙa ta. In same ta zaune, hannu a cinya, tuwon rana rufe a gefe ba ta taɓa ba. Matar da in ta fara magana sai an ce ta dakata a sha ruwa, yanzu gaisuwa ma da kyar. Na ji tsoro. Na ga tsofaffi da yawa da sunka fara da irin wanga zama, kuma na san inda yake kai mutum.

A kwanakin ne matar ɗana ta kawo mini memori daga wurin masu turin waƙoƙi da littattafai a waya a kasuwar Goronyo, ta sa a 'yar wayata, ta nuna mini inda zan danna. Muryar wata mace ce tana karanta littafi. Lokacin zaɓen albasa ne, ana fitar da ruɓaɓɓu daga masu kyau, aikin da hannu ke yi kai yana zaune banza. Sai in aje wayar a kan buhu in yi ta ji. Cikin kwana huɗu na gama, kuma littafin ya taɓa ni yadda ban zata ba.

Na ɗauki wayar na nufi gidan Malama ina murna, kamar na samo magani.

"Malama, ga littafi da ke karanta kansa. Ba ruwanshi da ido."

Ta juya fuska. "Yaya, wannan jin labari ne. Karatu da ido ake yi."

"To mi ya raba su, in labarin ya shiga?"

"Shekara nawa na yi ina hana yara su ce sun karanta abin da anka faɗa musu? Yanzu ni ce zan zauna in buɗe baki a zuba mini kamar jinjira?"

Maganar ta soke ni, don ni duk abin da na sani zuba mini anka yi. Ta gane, ta ce, "Ke daban ce, Yaya." Na ce ba komai. Na koma da wayata.

Bayan mako biyu ta aika a kira matan, Asabar ɗaya tak. Za ta raba littattafanta, kowa ta ɗauki abin da take so, saura a kai makaranta, a rufe zancen. Anka fito da su anka tara a kan tabarma. Ba wadda ta miƙa hannu. Nas ɗin nan tana ta share ido da gefen mayafi. Malama ta ce, "Ku ɗauka mana, ko sai na yi muku rabon da kaina, makauniya?"

Ban san abin da ya tashe ni daga bakin ƙofa ba. Na aje faifai na matso na zauna cikinsu. Na ce, "Tun da yau taron ke watsewa, doka ta faɗi. Ni ma ina da littafi. Ban karanta ba, na ji."

Matar ɗana ta zaro ido. Malama ta ce, "Faɗi, Yaya."

Na ce labarin wani masunci ne. An fara da ranar da ya samu kwalekwalenshi na fari, yana ta shafa shi kamar amarya. Ina cikin jin daɗi, sai muryar ta yi sallama ta ci gaba, ga kuka ya cika gida, an kawo gawarshi daga gulbi. Anka yi mishi sutura. 'Ya'yanshi sunka sayar da kwalekwalen, matar ta koma gidan ƙaninta. Na ce to, gajeren littafi ne. Sai muryar ta sake sallama, ga mutumin nan da ranshi a kasuwa, shina zaɓen zaren komar kamun kifi.

"Na tsaya da albasa a hannu," na ce musu. "Na ce wanga marubuci ba ya da tausayi, amma ya san aikinshi. Ya rufe mutum tukuna, sannan ya ce zo ki ga yadda ya rayu. Daga nan duk dariyar da mutumin ya yi, ni ciwo take yi mini. Ranar da ya dasa mangwaro a bayan gida yana cewa nan zai zauna in ya tsufa, na yi kuka har masu zaɓen albasa sunka ce ko an yi mini rasuwa. Ranar da sunka yi faɗa da matarshi kan gishirin miya ya fita ba sallama, na daka wa wayar tsawa, na ce koma ka ba ta haƙuri, kai ba ka san kwananka ba! Kuma littafin ya ƙare da safe, ya tura kwalekwale cikin ruwa, matar na kiranshi daga baki ya manta hularshi, ya ɗaga hannu ya ce ta aje mishi."

Malama ta gyara zama. Rabon da in ga ta miƙe baya haka an jima.

"Tsaya. Masuncin da ke da ƙane kurma?"

"Shi."

"Ai ba haka yake ba! Sau uku na karanta shi. Mutuwar can ƙarshe take. Wa ya kashe miki shi tun da fari?"

"Ni dai haka na ji shi, Malama."

"To kunnenki ya yi miki ƙarya."

"Kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Matar ɗana ta karɓi wayar ta duba, ta duba, sai ta kwashe da dariya har ta dafa nas. Ta ce littafin kashi goma sha biyu ne. Waya ba ta san lissafi ba, ta ga duk mai farawa da ɗaya ta jera su tare: kashi na ɗaya, na goma, na sha ɗaya, na sha biyu, sannan ta dawo na biyu. Mai karatun kuma ba ta faɗin lamba, sallama kawai take yi ta ɗora.

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Wata ta ce, "Inna ta yi wa bawan Allah jana'iza da ranshi!" Wata ta ce, "Har da zaman makoki cikin albasa!" Ba da mugunta sunka yi ba, na sani. Amma kunya ta kama ni. Shekaru ina bakin ƙofa, ranar da na buɗe baki sai na zo da abu baibai. Na jawo mayafina zan tashi.

"Zauna, Yaya."

Malama ce. Ita kaɗai ba ta yi dariya ba.

"Mangwaron nan, a ina yake? Ban tuna da shi ba."

Na ce bayan an haifi ɗiyarsu ta biyu. Na maimaita mata abin da ya faɗa yana danna ƙasa da diddige, kalma bayan kalma, yadda muryar ta faɗa. Ta riƙa jujjuya zoben hannunta.

"Sau uku," ta ce. "Idona ya bi ta kai sau uku, ban tsaya ba. Ina sauri in ga mi zai faru." Ta miƙo hannu wajen da take jin muryata. "Kunna mini."

Matar ɗana ta ce, "Bari in gyara jerin tukuna, Malama, minti ɗaya ne."

"Kada ki taɓa. Daidai ɗin na san shi. Yadda ta ji shi nake so."

Anka kunna. Ba a yi nisa ba Malama ta fara gyara: wagga yarinya ba ta tsayawa a aya, wagga kalma ba haka ake ja ta ba, wa ya koya mata karatu? Matan sunka dubi juna suna murmushi, don muryar Malamarsu ce ta dawo. Amma da anka kai inda anka kawo gawar, ta bar gyara. Har anka kira magariba ba wadda ta tuna da rabon littattafai. Nas ta tattara su ta mayar ɗaka ba tare da ta tambayi kowa ba. Na bar wa Malama wayar.

Idon bai dawo ba, kada in yi ƙarya. Kwana uku bayan nan, da hantsi, ina tankaɗe, na ji sallama. Malama ce, ita kaɗai, tana lalube da sanda, matar da ta yi wata biyu ba ta taka waje ba. Ta zauna a kan turmi ta miƙo mini wayar.

"Ta mutu. Ba wuta tun jiya. Kuma daidai inda ya fita ba sallama kan gishirin miya ta mutu, 'yar banza."

Na ce zan aika a yi caji, da yamma ta samu.

"Da yamma? In zauna har yamma ban san ko ya koma ba?" Ta jingina sandar a gefe. "Aje rariyar nan. Ke ba kin ce abin da kika ji sau ɗaya ya zauna ba? Ci gaba daga nan."

Na kakkaɓe garin hannuna na fara.

"A hankali, Yaya," ta ce. "Ki riƙa tsayawa a aya."