Na Taka Bayan Baba

Yammacin da anka ga watan azumi, a shekarar da haƙorana na gaba sunka zube, ina bisa wuyan Babana a kan tudun bayan gidanmu, a wani ɗan ƙauye tsakanin Kebbe da Tambuwal. Mutane sun yi cirko-cirko, kowa ya kafa hannu a goshi. Sai Baba ya miƙa yatsa ya ce, "Ga shi can, Uwata, dama da giginya." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa anka sa mini. A ƙauyenmu in Baba bai ce ya gani ba, ba a cika sakin jiki ba.

To amma mutumin nan mai ido, safiya ba ta yi masa daɗi. Yakan tashi ƙugunsa a sandare kamar icen da ya shekara a rana, sallar asuba ma sai ya dafa bango. Aikina na farko kullum, kafin shara, kafin in kai wa awaki dusa, shi ne taka masa baya. Ya kwanta rubda ciki a tabarma, in kama zana, in riƙa tafiya daga ƙugu zuwa kafaɗa ina ƙirga kajin tsakar gida. "Taka da kyau, Uwata, ba ƙwai ba ne," in ji shi. Daga nan ya saɓa galma, kuma kafin ya gama kunya biyu jikin ya saki, har ya riƙa waƙa.

Bayan damina uku ciwon ya ƙaru. Diddigensa ya kumbura, ido ɗaya ya yi ja. Wanzami ya yi ƙaho, anka sha saiwoyi, shiru. Sai Baffa Sani, yayan Baba, ya zo ya yanke magana. Ya ce noma ne ke cin ƙaninsa, kuma ba za a ce yana raye ɗan'uwansa ya mutu a bakin kunya ba. Ya ɗauke galmar, ya kira gayya anka nome gonar. Inna ta cusa audugar rimi a matasai, ta tokare masa kai da gwiwoyi don ya ji daɗin kwanciya. Ni kuwa anka hana ni taka shi, wai na yi nauyi. Na ji Baba da kunnena ya ce, "Yaya, in na kwanta ya fi cina." Baffa ya ce, "Kai dai ba ka san hutu ba." Ƙane ba ya ja da wa. Tun shuka yana kwance a lanƙwashe har anka kai gero rumbu.

Da ya tashi, yadda ya kwanta haka ya miƙe. Baya ya ranƙwafa, wuya ya ƙi juyawa. Da ganin ƙafafunsu yake gane mutane, ya ce wannan kaushin na wane ne.

Azumi ya zagayo, ya dogara sanda ya hau tudun nan. Kowa na kallon sama, shi yana kallon ƙasa, mutane sai kauda kai suke yi don kunya. Na zaunar da shi, na zauna a bayansa, na haɗa bayana da nasa, na ce ya sako nauyinsa. Munka riƙa kwantawa sannu-sannu, yana nishi, har fuskarsa ta dubi yamma. Can ya ce, "Na gan shi, Uwata. Amma kowa ya riga ni."

Yau ga jikana Bello, magidanci mai 'ya'ya biyu, yana tashi da irin wannan sandarewa. Ya je asibiti a Sakkwato, likita ya ce kumburin gaɓoɓin ƙashin baya ne, yana bin jini, ya ba shi magani, ya ce ya riƙa motsa jiki, kwanciya ce ke ƙara shi. Da anka faɗa mini sai na tuna Baba. Wata kuwa yanzu a rediyo ake jin an gan shi, tudun ma an yi gidaje a kai. Uwar Bello takan ce a bar yaro ya huta. Ni kuwa kowace safiya ina ƙofar ɗakinsa da sandata, ina bugawa har ya fito ya miƙe tsaye in ga fuskarsa.

Baba ya faɗa mana, mu ne ƙauna ta hana mu ji.