Kawu a Gaban Ayari

A shekarun da sojoji suka koma bariki aka dawo da siyasa, aka kuma ƙaddamar da Shari'a a Kano, babur ya yi araha a wajenmu. Wanda jiya yake fama da keke sarƙa tana zamewa, yau sai ka gan shi a kan sabon babur ɗan China, ko ledar kujera bai cire ba. Wasu da kuɗin gyaɗa suka saya, wasu 'yan siyasa ne suka raba musu. Ni tela ne a Rano, kuma nawa na saye shi bayan wata sallah da na kusa karya bayana a kan keken ɗinki.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu duka hawa babur. Nasa tsoho ne, baƙi, mai nauyi, sai an yi ta dukan kik kafin ya yarda ya tashi. Manomi ne a Rurum, matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata duk sun yi aure, gidan ya yi masa faɗi. Shi ya kawo shawarar cewa maimakon mu riƙa zaman majalisa muna gardamar jam'iyya har mu ɓata da juna, duk Juma'a mu haɗu mu tafi wani gari mu yi salla can, mu gaisa da dangi, mu dawo kafin magariba. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba za mu bi kwalta ba. Ya ce kwalta ta masu sauri ce, mu kuwa ba wanda ya aike mu.

Haka muka zama ayari, mu bakwai, wani makon takwas. Mun bi hanyoyin da ban taɓa sanin akwai su a ƙasarmu ba: ta bayan duwatsu, ta cikin rake, ta burtali, ta gefen ruwa inda ƙasa ke da santsi. Mun yi Juma'a a garuruwan Rano da na Kibiya har limamai suka fara gane mu. Wani wuri a kawo fura, wani wuri dambu, wani wuri kuwa ruwa kawai da addu'a. Ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar a waɗannan shekarun ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Kawu ne a gaba kullum, kuma yana da dokoki. Kafin a tashi sai ya zagaya kowa ya ga an tattare babbar riga an danne ta a ƙarƙashin cinya, don ya taɓa ganin wanda taya ta naɗe wa riga ta fyaɗa shi da ƙasa. Ba a wuce na gaba. In an haɗu da shanu, a kashe inji a jira, ko da makiyayin yana tafiyar hawainiya. In an shiga gari a rage wuta saboda yara da kaji. In an zo rafi, shi zai sauka ya naɗe wando ya shiga da sanda ya gwada zurfi. In ya ga rami ko yashi, zai ɗaga hannun hagu, na bayansa ya ɗaga, har saƙon ya kai ƙarshe.

Babbar dokar kuwa ita ce ta madubi. Kowa amanar na bayansa ce a wuyansa. Ka riƙa duba madubi, in ka daina ganin na bayanka, ka tsaya. Na gabanka shi ma zai daina ganinka ya tsaya, haka har a kai ga Kawu. Da wannan dokar ba mu taɓa barin kowa a daji ba. Ni mai saurin fushi ne, kuma sau da yawa na tsaya cikin rana ina huci saboda wani ya tsaya fitsari ko filoginsa ya jiƙe. Kawu ya kan dube ni ya ce, "Tela, in sauri kake, ga kwalta can."

Na ƙarshe a layi taubashin Kawu ne, wani mai faci daga Lausu, ɗan gajere mai baki. Shi ke ɗauke da famfo da gam da tsohon tif da igiya. Tun suna yara suke tsokanar juna, kuma shi kaɗai ne a cikinmu yake iya faɗa wa Kawu abin da ya ga dama. Ni kuma ni ne na biyu, dab da bayan Kawu, don ya ce yana so idonsa ya kasance a kaina.

Wata Juma'a da damina ta fara nisa, muna ratsa gonaki, sai Kawu ya rage wuta ya ɗaga hannu ya yi sallama da ƙarfi, har da "sannu da aiki". Muka duba, ashe mutum-mutumi ne aka kafa a gonar gero, an sa masa tsohuwar riga da malafa. Dariya ta kusa kayar da ni. Da muka sauka, mai faci ya riƙe ciki yana cewa, "Kai tsoho, ya amsa kuwa? Ya iyalinsa? Wallahi idon nan naka ya tafi hutu." Kawu ya yi dariya tare da mu, ya ce ai gaida wanda ba ya amsawa ya fi lada. Mun yi makonni muna ba da labarin a majalisa, kuma babu wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Bayan wannan ne ya fara wani abu sabo. Muna shirin tashi daga ƙofar gidansa, ya gama duba rigunanmu, sai ya ce mini, "Tela, yau kai za ka wuce gaba."

Na ce, "Haba Kawu, Allah ya kiyaye. Ina ni ina gabanka?"

Ya ce, "Wuce mana, ai ka san hanya."

Sauran suka sa baki. Wannan ya ce ba a taɓa yi ba, wancan ya ce in babu Kawu a gaba ai gara a fasa. Kawu ya gyara hularsa, ya doki kik, muka bi shi.

Duk wanda ya taso a ƙasarmu ya san irin wannan tayin. In salla ta kama matafiya a hanya, babba zai ce wa na kusa da shi bismilla, shi kuma ya ja da baya, a yi ta turawa har babban ya shiga gaba, kowa ya san dama shi zai ja. Haka a ƙofar zaure, haka a bakin akushi. Babba yana tayi don nuna tawali'u, ƙarami yana ƙi don nuna tarbiyya, kuma da ƙaramin zai karɓa, sai a yi kwanaki ana maganarsa. Mu abin da muka ɗauka ke nan. Har daɗi muka ji, muka ce dattijon nan kullum ƙara sauƙin kai yake yi.

Ya sake yi a wani makon, a gindin wata tsamiya bayan mun sha fura. Ya sake yi a ƙofar wani masallaci, wannan karon ga wani malamin firamare da ke cikinmu. Kowane lokaci muka ba shi amsa iri ɗaya, har muna rige-rigen wanda zai fi iya girmama shi. Na tuna ma na taɓa cewa, "Kawu, ko a makance kake ka fi mu sanin hanyar nan." Ya juyo ya kalle ni. Wannan maganar tana dawo mini har yau.

Ranar da abin ya faru, ƙarshen damina ne, an kwana ana ruwa, gari ya waye tas. Mun bi ta bayan Madachi za mu ɓulla ƙasar Kibiya. Hanyar jar ƙasa ce, dawa ta yi tsayi dama da hagu. A wani gangare akwai ƙaramin kwalbati, kuma ruwan daren ya cinye rabin hanyar a gefensa, ya bar rami mai zurfi. Mutanen wurin sun yi abin da ya kamata, sun saro ɗanyen reshe sun ajiye a gaban ramin. Rana tsaka, babu ƙura, babu hazo. Na hango reshen tun daga nesa, na tabbata na bayana ma sun hango.

Sai na jira Kawu ya ɗaga hannu. Abin da na saba ke nan, shi yake gani ya faɗa mana. Hannun bai tashi ba. Ya bi ta kan reshen kamar babu shi, tayar gaba ta faɗa, babur ya juya ya danne masa ƙafar dama a kan bakin siminti.

Ban san yadda na sauka ba. Na ji dai muryata ina salati, na ga mai faci ya taho a guje daga ƙarshen layi ya bar nasa babur a kwance injin yana ta kuka. Muka ɗaga ƙarfen daga kansa. Bai suma ba, bai yi ihu ba, gumi kawai yake yi. Abin da ya fara tambaya shi ne ko kowa ya tsaya lafiya. Wani manomi ya kawo amalanken shanu, muka shimfiɗa rigunanmu muka kwantar da shi har bakin kwalta, daga nan muka sami mota. Ranar ba mu sami Juma'a ba.

Gwiwar ce ta farfashe. An yi na asibiti, an yi na mai ɗori, ƙafar ta warke amma ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. A asibitin ne wani likita ya haska idonsa da 'yar fitila, ya juyo ya tambaye mu tun yaushe yanar nan ta rufe masa ido. Muka kalli juna. Ya ce na dama kusan ba ya ganin komai sai haske, na hagu ma dishi-dishi. Da ya ji cewa a kan babur ya faɗi, kuma shi ne a gaba, sai ya ajiye fitilar ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan ranar ba.

Raina ya ɓaci, kuma da Kawu ya ɓaci, don haka nake, in na ji zafi sai na nemi wanda zan ɗora wa. Bayan an dawo da shi gida na same shi a zaure shi da mai faci, na ce, "Kawu, fisabilillahi, me ya hana ka faɗa mana?"

Ya ce, "Ban faɗa ba?"

Na ce, "Wallahi ba ka faɗa ba."

Ya ce, "A ƙofar gidan nan na faɗa. A gindin tsamiya na faɗa. A ƙofar masallaci na faɗa. Cewa na yi ku wuce gaba. Me kuke so in ƙara? In tsaya a gaban sa'o'in 'ya'yan cikina in ce na makance, ku karɓe makullin?" Ya gyara ƙafar da hannu biyu. "Rami ne ba na gani, Tela. Farar rigarka ina ganinta sarai. Da ka shiga gaba, bin ka kawai zan yi, inda ka kauce in kauce. Da har yau ina cikinku."

Mai faci, wanda bakinsa ba ya mutuwa, ya juya fuskarsa bango. Can ya ce, "Ni da na gani na mai da shi wasa." Kawu ya ce masa, "Kai dama me ka iya ban da wasa?" Ya so mu yi dariya, amma ba wanda ya iya.

A hanyar komawa Rano na yi ta juya dokar madubin nan a raina. Kowa yana kula da na bayansa. Mai faci ina da tabbacin akwai mai duba shi, ni ma Kawu yana duba ni. Kawu kaɗai ne babu kowa a gabansa da zai waiwayo ya ga halin da yake ciki. Shekaru muna tafiya a haka, muna yabon kanmu cewa ba mu taɓa barin kowa a daji ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikin idon bai ɗauki komai ba. Bayan kaka muka kai shi birni aka cire yanar, aka rufe idon da auduga, da aka buɗe sai ga shi yana karanta lambar mota daga nesa. Ido ya dawo. Ƙafar da zai doki kik da ita, ya taka birki da ita, ita ce ba ta dawo ba. Na ce zan riƙa goya shi a bayana, muka gwada sau ɗaya, ƙafar ta miƙe a gefe tana kama ciyawa, kafin mu fita gari ya ce in mai da shi gida.

Ayarin ya ɗan ci gaba. Muka sa doka cewa gaba karɓa-karɓa ce, kowa da makonsa, kuma duk wanda aka ce ya wuce ya wuce ba musu. Doka mai kyau ce, sai dai wanda aka yi ta dominsa yana zaune a kan benci a ƙofar gida. In mun biyo ta Rurum zai hango mu tun daga nesa, ya ƙirga mu, ya ce wa wani tayarsa ta baya ba iska, ya ce wa wani ya tattare riga. In mun tashi ina ganinsa a madubi, yana tsaye da sanda, har kwana ta raba mu. Daga baya zaɓe ya zo, wasu suka shiga ayarin kamfen, wasu suka koma birni acaba, tafiyar ta mutu ba tare da kowa ya ce an daina ba.

Ni sai na koma zuwa Rurum duk Juma'a in raka shi masallaci a ƙafa. Akwai wani lungu a hanyar, matsattse, ga kwata a tsakiya, mutum biyu ba sa jerawa. Ranar farko da muka iso bakinsa, na ja baya kamar yadda na saba, don ya shige. Ya tsaya, ya dogara da sandarsa, ya dube ni da idanun nan da suke gani tar yanzu.

Ya ce, "Wuce gaba, Tela."

Na wuce. Ina jin ƙarar sandarsa da jan ƙafarsa a bayana, kuma har muka fita lungun ban iya waiwayowa ba, don ba na so ya ga fuskata.