Tokar da Muka Zuba a Takin Baba

Damunar da sojoji suka miƙa mulki, wata Laraba da hantsi, Baffa Sani, ƙanen mahaifina, ya shigo gidanmu a Zugu da buhun takin zamani ɗaure a bayan kekensa, rigarsa sharkaf da zufa. Daga Bukkuyum ya sayo wa Baba shi, bayan an sayar da akuyar Inna. Fari ne tas kamar gishiri, har mu yara muna satar lasa. Gonarmu ta gaji, dawarta ba ta kai mu ko bazara, don haka duk gidan a buhun nan muka sa rai.

To, buhu ɗaya ba ya isar gonar. Sai Baba ya koma ga abin da ya gada, tunda da toka kakanninmu ke gyara ƙasa, ya ce a ƙara wa takin auki da ita. Ni da ƙannena muka bar wasan langa, muka bi murhun maƙwabta da tsofaffin kwanoni, muka dawo furu-furu da toka. Aka juye a tsakar gida, aka yayyafa ruwa, Baba ya cuɗa da fartanya. Wani wari ya taso mai hawa kai, irin na turken awaki, amma ya ninka shi. Muka yi ta hawaye, kaji suka watse. Baba yana tari yana dariya: "Kun ji ƙarhi! Wanga taki ba na wasa ba na." Aka baza shi a rana har warin ya lafa, sannan muka kai gona.

Dawa ta fito rawaya, siririya, rumbu bai kai rabi ba. Baba ya ce Baffa ya cuce shi, gishiri ya kawo masa. Baffa ya yi rantsuwa a zaure, Baba ya ce ya tashi ya ba shi wuri. Aka ja danga tsakanin sassanmu. 'Ya'yan Baffa da muke cin tuwo kwano ɗaya, aka hana mu ko gaisawa.

Sai da na yi nisa a sakandare a Anka, malamin kimiyya ya haɗa wani farin gari irin takin nan da ruwan toka a kwalba, ya bi layi muna shinshinawa. Warin tsakar gidanmu ne sak. Ya ce sunansa amoniya. Toka da kanwa dangi ɗaya ne, akasin tsami, in sun haɗu da irin wannan taki sai su kori abincin shuka ya bi iska. Ashe abin da Baba ya kira ƙarfi, ƙarfin ne ke fita. Masu sayarwa da masu raba taki lokacin zaɓe, ba wanda ya taɓa gaya wa manomi haka. Wallahi har yau abin na ci mini rai.

Da na koma hutu na faɗa wa Baba. Lokacin Baffa ya riga ya rasu, ba su shirya ba. Baba ya daɗe yana kallon dangar, sannan ya ce, "Da ka bar ni ban sani ba."

Yanzu gonar ma ba mai zuwa saboda 'yan bindiga, dangar ta daɗe da faɗuwa. Ni dai in na ga ana kwashe toka, jiƙaƙƙiyar rigar Baffa nake tunawa.