Sallar Baffa a cikin van

Ina tahiya na ga takalman 'yan sanda biyu a gefen kwalin da na shimfiɗa. A wani ƙauye ne bayan Barking, inda nake delivery, wato kai wa mutane kaya, duk Turawa. Wata mata ce ta hango ni ta taga ina alwala da gorar ruwa, ta yi calling ɗinsu. Suka sa na buɗe van, suka birkita kaya, sannan suka kira manager ɗina, wanda dama neman dalili yake ya sallame ni.

Ina tsaye ina haɗiye zagi, Baffa ya faɗo min a rai. Ƙanin babana, shi ya koya min aikin nan da na bar makaranta. In muka shigo irin waɗannan garuruwa, a zaune yake salla a cikin mota, gilas a rufe, gwiwarsa mai ciwo tana gugar sitiyari, motar duk ƙamshin miski da goro.

Ran nan na ce, "Haba Baffa, ga ciyawa shimfiɗe. Tsoronsu kake ji?"

Ya shafa addu'a ya ce, "Tsoron me, ɗan nan? Bayani ne na gaji da shi."

Har ya rasu ina ganin ragwanta ce.

Da 'yan sandan suka tafi na tura wa matar Baffa saƙo:

"Hajiya, manager ya ce in zo office gobe, ƙila aikin ya tafi. Na taɓa raina Baffa a raina, ban nemi yafiyarsa ba. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci, ya miƙe ƙafarsa son ransa."