Bahago Mai Gyaran Keken Ɗinki

A unguwar Kwarbai da ke cikin birni, idan keken ɗinki ya fara tsinka zare ko ya ƙi jan yadi, sai ka ji an ce a kai wa Bahago. Sunansa na yanka Yakubu. Haifaffen Wusasa ne, Kirista ɗan Kirista, amma tun yana saurayi yake shigowa cikin birni da akwatin kayan aikinsa. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a zauren Alhaji Sagiru, wani tela mai ɗinka manyan riguna, wanda ya ba shi gefe guda ya ce ya zauna. In an kira salla, Bahago ne mai tsaron zaure. Ran Lahadi kuwa kowa ya san yana coci.

Ba shi da yawan magana, kuma ba ya yanke shawara a tsaye. Kowace irin magana aka kawo masa, sai ya ce, "Bari in kai ta gaban Ubangiji tukuna." Matarsa Saratu takan yi masa tsiya, wai ko takalmi zai saya sai ya durƙusa.

Da ya haura sittin, gwiwoyi suka fara ciwo. 'Yarsu Rifkatu, wadda ke aikin jinya a Jos, ta matsa su koma wurinta su huta. Bahago ya so tafiyar ƙwarai. Har Saratu ta ɗaure tukwane, saura mako biyu su tashi, sai Alhaji Sagiru ya faɗi. Aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta kama gefen dama.

Da aka sallamo shi daga asibiti, Bahago ya je gaishe shi. Ya tarar da shi jingine da bango, yana kallon hannunsa a kan cinya.

"Malam Yakubu," in ji Alhaji da ƙyar, "ni da allura mun rabu."

Bahago ya yi masa sannu ya fito. Kwana uku yana addu'a da safe, kuma duk sanda ya rufe ido, hannun nan yake gani. A rana ta huɗu ya ce wa matarsa, "Saratu, ina jin ba a sallame ni ba tukuna."

"Murya ka ji?"

"Ban ji murya ba. In na ce zan tafi, sai zuciyata ta yi nauyi. In na ce zan zauna, sai ta kwanta. Ni ma ba haka na so ba."

Saratu ta kwance tukwanenta. Ta yi mako tana ba shi tuwo babu hira, daga baya ta huce.

Bahago ya ɗauko wani tsohon keke ya sa masa ɗan injin lantarki, ya mai da abin takawa ƙafar hagu, ya ƙera ɗan ƙarfe mai riƙe bakin yadi don kada ya kauce. Sannan ya zauna kusa da abokinsa yana nuna masa yadda hannun hagu yake tura yadi, abin da shi ya iya tun haihuwa. Ɗinkin farko ya fito a karkace kamar sawun maciji. Alhaji ya yi jifa da ƙyallen, ya juya wa keken baya. Bahago ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya mayar ƙarƙashin allura. Haka suka yi ta yi, wata ran da dariya, wata ran da fushi, Hajiya Khadijat matar Alhaji tana aiko musu da fura daga cikin gida.

Wani dattijo a coci ya taɓa tambayarsa ko yana yi wa Alhaji wa'azi a wannan zaman.

"Ba da wannan aka aike ni ba," in ji Bahago. "Hannu aka ce in riƙe. Ina yi masa addu'a, ya kuma sani. Shi ma yana yi mini."

Bayan wata bakwai, Alhaji ya gama jamfa ta farko, ƙarama, ta jikansa. Wuyan bai daidaita sosai ba, amma ranar har maƙwabta aka kira su gani.

Manyan riguna dai Alhaji bai sake ɗinka su ba. Kayan yara yake yi yanzu, da rigunan filo, kuma matan unguwa suna kawowa. Bahago na nan a gefensa, gwiwa ɗaya a miƙe kan kujera 'yar tsuguno, yana zuba mai a wani keken da aka kawo gyara. Da Kirsimetin bara Rifkatu ta zo gida, ta biya ta zauren da yadin 'ya'yanta. Ta iske tsofaffin biyu suna gardama a kan faɗin kalmasa, ta tsaya a bakin ƙofa ta jira har suka gama.