Na Yi Shiru Jini Yana Zuba

A lokacin ni matashiya ce mai ɗinki a unguwar Kamazou, mai kunya, wadda aka tarbiyyantar a kan kada ta ɗaga wa na gaba da ita murya. Cikina na fari ne. Da naƙuda ta taso wata safiya, mijina ya ɗauke ni a kekensa na haya, tare da mahaifiyarsa, zuwa wani asibiti wajen Barnawa. A bakin ƙofar ɗakin haihuwa aka tsayar da su, na shiga ni kaɗai.

Nas ɗin da ta karɓe ni ko fuskata ba ta kalla ba. Da ciwo ya tsananta na yi ƙara, sai ta ɗaka mini duka a cinya, ta ce ai lokacin da nake jin daɗi da mijina ban kira ta ba. Sauran ma'aikatan ɗakin suka yi dariya. Na roƙe ta ta rufe ni da zane don mutane suna wucewa, ta ce ba otel na zo ba. Bayan na haifi 'yata ta yi mini ɗinki ina kuka, sannan ta gargaɗe ni cewa in ta sake jin muryata, zan kwana a wurin babu mai duba ni.

Da aka mai da ni ɗakin hutu na ji wani ɗumi yana bin bayana. Zanena ya jiƙe sharkaf. Kunnuwana suka fara ƙara, idona yana ganin duhu-duhu. Ina hango nas ɗin a teburinta tana danna waya, amma tsoro ya hana ni buɗe baki. Na riƙa gaya wa kaina wataƙila haka ake yi wa kowa.

Wata mata 'yar Binuwai da ke gadon kusa da ni, wadda aka yi wa tiyata, ita ta ga jini yana ɗiga ƙasa. Ta ce, "Ƙanwata, tun yaushe?" Ta dafe cikinta ta sauko, ta ja jiki zuwa baranda tana ihu har likita ya fito da gudu.

Na farka washegari ana ƙara mini jini, mijina yana zaune idonsa jawur. Shi ya gaya mini sai da aka cire mahaifata kafin jinin ya tsaya. Likita ya ce da an kira shi da wuri, da wataƙila ba a kai ga haka ba.

'Yata tana firamare yanzu, kullum tana tambayata yaushe zan kawo mata ƙane.

'Yan'uwana mata, ba na cewa ku guji asibiti; a can aka ceci raina. Amma in kin ji jikinki ba daidai ba, yi ihu, ko za a zage ki. Ku kuma masu farin kaya, ku sani macen da kuka tsawata wa tana iya mutuwa a gabanku ba ta ce uffan ba.